Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar A-kori-kura Hasken Fitilun Gaba

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Bokkos ko Mangu da asubar fari da lodin dankalin Turawa, yana son ya riski kasuwar Farin Gada kafin rana ta fito, ko ya gangara Hawan Kibo da daddare a cikin hazo, ya san irin zaman ɗar-ɗar da direba ke yi idan fitilun motarsa sun koma kamar aci-balbal. Tsoffin a-kori-kura da muke aiki da su a Jos, irin su Hilux na shekarun 1980 da 1990, da Nissan, da Mitsubishi L200, da ragowar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, injinsu na iya shekara talatin yana aiki, amma haskensu raguwa yake yi sannu a hankali har mai motar ya saba da duhun bai ankara ba. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su shiga kasuwa su ce a ba su ƙwai mafi haske, a ɗaura, a wuce. A ganina sayen ƙwai shi ne mataki na huɗu, kuma wanda ya tsallake ukun farko yakan yi asarar kuɗi, wani lokaci ma har da wayarin motar gaba ɗaya.

Duba fitilar kanta tukuna

Ka buɗe bonet da rana ka gane irin fitilar da motarka ke ɗauke da ita. Akwai silbim, wato wadda gilashinta da kwanonta da zaren wutarta duk a haɗe suke, idan ta mutu sai a canza ta ɗungurungum. Tana zuwa zagayayyiya mai faɗin inci 7, ko mai kusurwa huɗu mai inci 5 da 7, kuma tsoffin Hilux da yawa wannan ta biyun suke ɗauke da ita. Akwai kuma wadda ake cusa mata ƙwai ta baya, yawanci ƙwan H4 mai ƙafa uku, wanda ke ɗauke da zare biyu, ɗaya na dim mai wat 55, ɗaya na ful mai wat 60.

Leƙa cikin gilashin ka dubi kwanon mai ƙyalli da ke bayan ƙwan. Shi ne ke tattara haske ya jefa shi kan titi, saboda haka idan ya dushe, ko ya yi tsatsa daga ƙasa saboda ruwan damina da ya taɓa kwanciya a ciki, ko ƙyallin ya fara ɓarewa a saman ƙwai saboda zafi, babu ƙwan da zai gyara lamarin, sai dai a canza fitilar. Kada a yi gangancin goge kwanon da tsumma, domin ƙyallin nan ɗan siririn shafi ne na alminiyam wanda ko yatsa kan iya kankare shi. Idan ƙura ce kawai, a cire fitilar, a zuba ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a girgiza, a ɗauraye, a kifa ta ta bushe sarai kafin a mayar.

Idan murfin gaban na roba ne kuma ya yi rawaya, ana wanke shi da sanfefa ta ruwa, a fara da lamba 800, a bi da 1500, a ƙare da 2000 ko 3000, sannan a goge da man shainin mota. Sai dai dole a fesa masa fenti marar launi mai kare rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni zai koma yadda yake. Mai murfin gilashi ya huta da wannan aikin.

Awon wuta

A nan ne mafi yawan haske ke ɓacewa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. A tsoffin motoci wuta takan taso daga batir, ta shiga cikin mota ta bi ta akwatin fiyus da makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaba ta siririyar waya zuwa fitila. Bayan shekara ashirin ko talatin kowace mahaɗa ta yi tsatsa, kowane makunni ya cinye, kuma kowannensu yana zaftare wani abu daga boltej ɗin kafin ya isa ƙwai. Ƙwan halojin kuwa, wato mai zare irin H4, ba ya yafe wannan, domin haskensa yana faɗuwa da sauri fiye da faɗuwar wutar: idan boltej ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske yakan ragu da kusan kashi 30. Altaneta mai lafiya tana ba batir tsakanin bolt 13.8 da 14.4 idan injin na aiki. Idan kana da 14 a kan batir amma 12.4 kaɗai ke isa ƙwai, to kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ka biya kuɗinsa ya tafi a dumama waya.

Awon ba shi da wahala ga mai mitar awon boltej. Ka tayar da injin, ka kunna dim, ka bar soket ɗin a jikin ƙwai, domin awon da aka yi ba tare da ƙwai yana jan wuta ba ƙarya yake faɗa. Ka fara auna kan batir ka rubuta adadin, sannan ka soka ƙafafun mitar ta bayan soket, ɗaya a wayar dim ɗaya a wayar da zaren biyu suka yi tarayya a kanta, ka rubuta abin da ka gani. Ka maimaita da ful, kuma ka yi wa fitilar hagu da ta dama kowace nata. Bambancin da bai kai rabin bolt ba abin haƙuri ne. Idan ya kai bolt ɗaya ko ya wuce, ka gano ɓarawonka. Idan kuwa a kan batir ɗin ma wutar ba ta kai 13.5 ba, sai a fara da altaneta da bel ɗinta da kawunan batir kafin a taɓa fitila.

Kada a manta da at, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin bodi. Sau da yawa kwance noti guda, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a mayar a ɗaure tamau a shafa giris, yakan dawo da hasken da mai mota ya fid da rai da shi.

Ɗaura rile

Maganin zubewar wuta na dindindin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir zuwa fitilu, a bar tsohon makunni da ɗan ƙaramin aikin kunna rile kawai, wato ɗan makunnin lantarki da ƙaramar wuta ke kunnawa, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya. Kayan da ake buƙata su ne rile biyu masu amfiya 30 ko 40, ɗaya na dim ɗaya na ful, da fiyus biyu masu amfiya 15 ko 20 da gidajensu, da waya mai kaurin milimita 2.5 ta jan ƙarfe zalla, da soket biyu na H4, wanda aka yi da tangaran ya fi domin ba ya narkewa. A kula da waya, don kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe. Idan ka kankare silin da wuƙa ka ga fari a ciki, ajiye musu abinsu. Wanda ke da tsohuwar Land Cruiser ta dizal ya tabbatar da boltej ɗinta tukuna, saboda wasunsu bolt 24 suke aiki da shi, kuma rile da ƙwai duk sai sun dace da hakan.

Kafin a yanke ko waya ɗaya, akwai abin da dole a tantance. A motoci da yawa makunni yana katse wayar wuta ne, ƙafar tarayya ta ƙwai kuma tana ɗaure da bodi. Tsoffin Toyota da wasu motocin Japan akasin haka suke: wuta tana tsaye a ƙafar tarayya, makunni kuma at yake ba dim ko ful. Hanyar ganewa ita ce a zare soket ɗin fitilun duka biyu, a kunna dim, a auna kowace ƙafa da bodi, sannan a koma ful a sake aunawa. Idan wutar tana ƙaura daga wannan ƙafa zuwa waccan, tsarin farko ne. Idan ƙafa ɗaya ce ke riƙe da wuta ko a dim ko a ful, tsarin Toyota ne. Na taɓa kai tawa wurin wani mai wayarin da bai yi wannan awon ba, ya haɗa min kamar yadda ya saba yi wa Peugeot, muka ƙare da ful da ba ya mutuwa sai an kashe fitilun baki ɗaya, kuma sai da muka kwance aikin kaf muka sake.

Yanzu a cire kan batir na nagatif. A ƙarƙashin kowane rile akwai lambobi. Ƙafa ta 30 ita ce ke karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta idan ta goge a jikin ƙarfe. Ƙafa ta 87 ita ce ke kai wuta ga ƙwai, daga rilen dim zuwa ƙafar dim ta fitilun biyu, wadda a H4 ita ce ta sama a tsakiya, daga rilen ful kuma zuwa ƙafar ful. Ƙafar tarayya ta kowane sabon soket a ɗaure ta da bodi da gajeriyar waya mai kauri, ko ma a kai ta har kan batir. Ƙafafu na 85 da 86 su ne na kunnawa, kuma daga tsohon soket guda ɗaya ake ɗauko musu umarni, wanda ya fi kusa da batir. A tsarin farko, 86 ta karɓi tsohuwar wayar dim ko ta ful, 85 ta tafi bodi. A tsarin Toyota, 86 ta rile biyun ta karɓi tsohuwar ƙafar tarayya mai wuta, 85 ta rilen dim ta tafi tsohuwar wayar dim, ta rilen ful kuma tsohuwar wayar ful. Ɗaya tsohon soket ɗin a naɗe shi da tef a ɗaure shi gefe. Na fi son a bar tsoffin wayoyin ba a yanke ba, domin idan rile ya mutu a tsakanin Riyom da Akwanga cikin dare, mayar da tsohon soket jikin ƙwai aikin minti biyu ne.

Dalilin raba fiyus biyu shi ne idan na ful ya ƙone kana cikin gudu, dim yana nan. A ɗaure rile a tsaye ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, a nisanta waya da salansa da fanka, kuma a matse kowane kan waya da abin matsewa ko a yi masa soda. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef shi ne silar gobarar motoci da yawa.

A wasu tsoffin Toyota, shuɗiyar alamar ful da ke dashbod tana samun wutarta ne ta cikin zaren dim, saboda haka bayan an sa rile takan dushe ko ta mutu, wani lokaci kuma rilen dim ya ƙi saki idan an kunna ful. Kada a bar shi haka, domin zare biyu na H4 idan suka daɗe suna ci tare ƙwan yakan ƙone da wuri. Mai wayarin da ya san aikinsa zai sa rasista, wato ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, a gefen rilen dim, ko kuma tun farko a sayi haɗaɗɗen wayarin da aka yi don Toyota.

Zaɓen fitila da ƙwai

Mai silbim zai ga babban canji idan ya maye gurbinta da fitila mai girma ɗaya wadda ke cin ƙwan H4, irin na Hella ko Koito, domin tana shiga gurbin ba tare da an yanka komai ba, kuma tana yanke haskenta da layi madaidaici. A nan akwai abin da masu sayen kayan Beljiyom ba su cika lura da shi ba. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka dim ɗinmu ya kamata ya ɗaga ta gefen dama, inda mai tafiya a ƙasa da dabbobi da allon hanya suke, ya kwanta ta hagu inda mota ke tahowa. Fitilar da aka ciro daga motar Japan ko Ingila ko Afirka ta Kudu, inda ake tuƙi a hagu, akasin haka take yi, wato tana cusa haske a idon mai tahowa ta bar maka gefen hanya cikin duhu. A jikin gilashin fitilun da suka bi ƙa'idar Turai akwai harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, da haruffa irin su HCR. Idan ka ga kibiya mai kai ɗaya a kwance kusa da su, ta ƙasashen hagu ce, ka bar ta. Marar kibiya ita ce tamu.

Game da ƙwai, H4 na ƙa'ida yana ba da kimanin lumen, wato ma'aunin yawan haske, 1,000 a dim da 1,650 a ful idan ya sami bolt 13.2. Nau'ikan da Osram da Philips ke yi masu ƙarin haske a kan wat 60 da 55 ɗin nan suna da amfani na gaske, illarsu kawai ba sa daɗewa kamar na yau da kullum, kuma jabunsu ya yi yawa, don haka araha mai yawa abin tuhuma ce. Ƙwai mai shuɗin gilashi yana rage haske ne, tunda launin tace wani sashe yake yi. Mai wat 100 da 90 yana jan sama da amfiya 7 shi kaɗai, yana narka soket, yana ƙona kwano, kuma idan babu rile makunnin sitiyari ne zai fara tafiya. Wajen sawa, kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan, domin maiƙon hannu yakan zama tabon zafi da ke rage masa kwana.

Sai maganar LED, wadda ita ce kowa ke tambaya a kanta yanzu. An ƙera kwanon fitilar halojin ne a kan siririn zare da ke zaune a wani takamaiman wuri, kuma a cikin H4 akwai ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim wanda shi ke haifar da layin yankewar. Ƙwan LED da ƙwayoyinsa ba su faɗa daidai wannan wurin ba yana watsa haske ko'ina. Direba yana ganin gaban bamba ya yi fari tas sai ya ɗauka ya ci riba, alhali nesa ba ta ƙaru ba, kuma hasken kusa mai yawa yana tsuke ƙwayar ido ya rage ganin nesa. Mai tahowa kuwa ya makance na 'yan daƙiƙu, a kan titi mai layi ɗaya inda tsakaninku da shi bai wuce kamu uku ba. Haka abin yake ga HID, wato ƙwan gas marar zare, da ake cusawa a kwanon halojin, ma fi muni, domin mazauninsa furojekta ce, wato fitila mai ƙwayar gilashin tattara haske. Wanda ya nace sai LED, gara ya sayi cikakkiyar fitilar LED mai girman gurbinsa wadda aka ƙera gilashinta da ƙwayoyinta tare. Idan ƙwai kaɗai zai sa, ya zaɓi mai sirirrin ƙwayoyi da ke kwaikwayon zaren H4, ya zaunar da su suna kallon hagu da dama, sannan ya gwada a bango. Idan layin yankewar ya ɓace, ƙwan bai dace ba ko nawa aka saye shi.

Launi ma abin dubawa ne a yankinmu. A ma'aunin launin haske, halojin yana wajen Kelbin 3,200, LED na kasuwa kuwa yawanci 6,000 zuwa 6,500 ne, fari mai shuɗi-shuɗi. A cikin ƙurar hunturu da hazon saman Filato, farin hasken nan idan ya dawo wa direba ya fi damun ido fiye da mai ɗan rawaya. Faransa ta tilasta fitilu masu launin rawaya tun ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993, kuma tsoffin direbobin Peugeot ba za su manta da su ba.

Saita haske

Wannan aikin kyauta ne, kuma yakan fi ƙwai mai tsada tasiri. A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai bango a gaba, bayan magariba. A daidaita iskar tayoyi, direba ko mai nauyinsa ya zauna a kujera. A matso da motar dab da bango, a sa alamar alli ko tef daidai tsakiyar kowace fitila, tsayi da faɗi, sannan a ja da baya a miƙe har gilashin fitila ya yi mita 10 daga bangon. A kunna dim, mutum ɗaya ya tsaya ya tare fitila ɗaya, a saita ɗayar. Kwantaccen sashen layin haske ya kamata ya sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da alamar, wato kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100, kuma wasu fitilun an rubuta adadin nasu a jikinsu. Motar da aka ɗaga har fitilarta ta haura mita ɗaya daga ƙasa tana son santimita 15 zuwa 20. Gwiwar da layin ke karyewa ya haura dama ita kuma ta tsaya daidai ƙarƙashin alamar tsakiyar wannan fitilar. Kowace fitila tana da sukuru biyu, na sama da ƙasa da na hagu da dama, kuma a tsohuwar mota sai an jiƙa su da man kwance tsatsa tukuna, in ba haka ba robar da ke riƙe da su ta karye.

A-kori-kura tana da wata matsala da ƙaramar mota ba ta cika samu ba. Idan aka jibga mata buhuna, baya yakan zauna, hanci ya ɗaga, dim ya koma ful a idon jama'a. Wanda akasarin tafiyarsa ta dare da lodi ce ya saita fitilunsa da lodin a kai, ko ya yi awon sau biyu ya riƙe adadin juyin sukurun da ke tsakani. Idan sifirin na baya ya gaji har motar tana zaune ko babu kaya, gyaran sifirin yana cikin gyaran fitila.

Ƙarin fitilu

Sai an gama duk wannan ne za a san ko akwai buƙatar ƙari. Fitilar hazo ƙasa ake ɗaura ta, a jikin bamba ko ƙarƙashinsa, domin haskenta mai faɗi ya bi ta ƙarƙashin hazon. Fitilun hangen nesa da doguwar LED ɗin nan da ake ɗorawa a kan rufi su sami nasu rile da fiyus, kuma a ɗauko umarnin rilen daga wayar ful ta cikin wani makunni na dabam, ta yadda da zarar ka koma dim za su mutu da kansu. Kunna su a cikin gari, a titin Bauchi ko hanyar Bukuru, cutar da mutane ne, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da na VIO masu duba lafiyar motoci suna da hurumin tsayar da mota a kan lamarin fitila. Tsoffin altaneta da yawa ba su wuce amfiya 40 zuwa 60 ba, don haka bayan an gama a kunna komai lokaci guda, fitilu da waifa da fankar hita, a ɗan taka totur, a auna kan batir. Idan mita ta nuna ƙasa da bolt 13, batir ne ke cike giɓin, kuma sai a rage fitila ko a nemi altaneta mafi girma kafin a ɗauki doguwar hanya.